Murhun Yaya Gambo a Zangon Kumasi

Tun da na dawo daga Kurmi ban ɗebi ruwa a rijiya cikin kwanciyar hankali ba. In na zura guga sai wata ta ce, "Tani, wai da gaske ne ƙasar ba ta da rairayi?" In na tafi daka sai wata ta ce, "Wai Gambo ta yi arziki har ta manta hanyar gida?" Har matan Tibiri da sunka zo cin kasuwa sun tare ni da tambaya. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowacce ta ɗauki nata guntun ta ƙara masa gishiri. To yau ga ku ga ni. Ku gyara zama in ɗauko daga farko, wadda ba ta nan kuma ku kai mata yadda na faɗa.

Kun san yayata Gambo ta bi mijinta Kumasi tun ina budurwa, tun Nasara na riƙe da ƙasa. Mijin ya rasu can, ita kuwa ba ta dawo ba. Sai dai saƙo a hannun 'yan cin rani: zane, sabulu, goro, da gaisuwa. Bana da anka gama yankan hatsi Inna ta kira ni ɗakinta. Idonta ya fara dushewa, kun gani da kanku. Ta ce, "Tani, zanen da take aikowa ba ya magana. Ki tafi ki zo min da ɗiyata." Maigidana ya yarda, don Kawu Arzika, ƙanen Inna, zai sauka Kurmi, shi da ya bi hanyar nan har ya daina ƙirgawa.

Sai da munka fara hawa Dogon Dutsi neman takardar tafiya. Na zaci zan ga Bature a biro, wato ofis, sai na tarar da ɗan ƙasa zaune a kujerar, ya tambaye ni sunan ubana da Hausa tsantsa. Anka yi min lamba a damtse, anka aika ni wurin mai hoto. Mutumin ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, daga can ciki ya ce kar in motsa, kar in ƙifta. Na riƙe numfashi har kaina ya fara juyawa. Da hoton ya fito Kawu ya duba, ya ce ko doguwa ce ta hau ni ba zan zare ido haka ba. Wannan hoton kuwa shi na yi ta miƙa wa jandarmomi har ƙasa uku, kowanne ya dubi takarda ya dube ni ya danne dariya.

Daga nan Kore Mairuwa munka hau babbar mota, a saman buhunan wake. Mu mata uku ne, sauran duk maza 'yan cin rani. Kafin Doso ƙashin bayana ya gama sanin kowane rami na hanya. A Yamai munka kwana biyu gidan wani abokin Kawu, Bazabarme, matarsa ba ta jin Hausa ni ba na jin Zabarmanci, amma mun daka gero tare mun yi ta hira da hannu. Ita ce ta kai ni bakin Kwara. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba, na tsaya ina kallo. Ruwa ne yana tafiya, ba ya ƙarewa, kuma babu wanda ke gadinsa.

Da safe anka ce za mu ƙetare. Na ce to mota fa? Kawu ya ce ita ma. Na ɗauka wasa yake, sai ga motarmu da duk buhunanta ta gangara ta hau wani jirgi mai faɗi kamar masussuka. Na kama rigar Kawu da hannu biyu, ina karanta duk abin da na sani. Wata tsohuwa mai sayar da kifi tana zaune kusa da ni tana tsinke ganye kamar a tsakar gidanta. Ta dube ni ta miƙo min goro, ta ce wani abu da harshensu, kowa ya yi dariya. Kawu ya ce wai cewa ta yi, in jirgin zai nutse ba zai fara da ranar da ta ɗauko kifi mai kyau ba.

Ƙasar Gurma ba ta bambanta da tamu sosai ba, gero ne da dawa da kuka, sai dai bakinsu daban. Kwana uku munka yi a cikinta, don ƙafar mota ta fashe sau biyu. A iyakar Gana anka sauke mu duka, 'yan duwan, masu binciken kaya, sunka buɗe ƙunshin kowa. Wani ya ciro daddawar da Inna ta ƙulla wa Yaya Gambo, ya shinshina, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Na ce shi ke nan, ta tafi. Ashe mutumin arewacin ƙasar ne, ya ce da Hausa, "Wannan ta gida ce." Na gutsura masa ɗaya, ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi turare.

Muna barin iyaka sai na ga direba ya saki hannunsa ya koma ɗaya gefen hanya, ga kuma wata mota tana tahowa. Na ƙwala ihu na ce barci ya ɗauke shi. Maza sunka yi ta dariya har wani ya kusa faɗowa daga saman buhu. A ƙasar nan hagu ake bi. Har munka kai Kumasi zuciyata ba ta yarda ba, duk motar da ta tunkaro sai na rufe ido.

Abinci ma ya fara sauyawa. A Tamale Kawu ya sayo min dokunu, wani tuwon masara a naɗe cikin ɓawo. Na kai baki na ji tsami, na tashi zan mayar wa mai shi in ce ya lalace. Kawu ya kamo zanena ya ce, "Zauna, kar ki ja mana duka. Da gangan suke tsamar da shi." Gaba kaɗan na ga ayaba mai girman damtse, na ce mutanen nan Allah ya ba su. Na ɓare na gatsa, bakina ya ɗaure kamar na tauna ɗanyar bagaruwa. Ashe ita dafa ta ake yi.

Bayan da munka sake ƙetare wani kogin sai itatuwa sunka fara tsawo. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki gawon da ya fi kowanne a gonakinmu, ku ɗora masa wani, ku sake ɗora wani. Da rana tsaka mota na tafiya cikin inuwa, ƙasa ja ce jiƙaƙƙiya, ko'ina kore, a lokacin da mu nan ko ciyawa ta bushe. Na tambayi Kawu ina suke shanya hatsi. Ya ce ba su da hatsi. Na yi ta tausayinsu, har na ga kasuwar Kumasi na daina.

Kasuwar nan, in kun haɗa ta Kore Mairuwa da ta Dogon Dutsi da ta Tibiri, ba su kai layin masu barkono ba. Kuma mata ne ke riƙe da ita. Maza na yawo da zane yafe a kafaɗa, mata na zaune kan kujera suna ba da umarni. Ga gidaje bisa gidaje, ga famfo da za ka murɗa ruwa ya zubo ba guga ba igiya. Na murɗa na rufe, na murɗa na rufe, har wata mata ta daka min tsawa.

Kawu ya kai ni zango, unguwar baƙi, inda Hausa ce harshen kowa. Amma wace irin Hausa! Munka tambayi wata mata ina Gambo, ta ce, "Mma Gambo? Ya tafi famfo, yanzu zai dawo." Na ce wa Kawu ba ita ba ce, wannan namiji ne. Ya ce haka suke yi, mace da namiji duk "ya" ne.

Sai ga ta. Ta yi jiki, furfura ta fito mata a goshi, idanunta jajur. Ta ajiye bokiti ta tsaya tana kallona. Na ce, "Yaya." Ta ce, "Muryar Inna ce wagga." Munka rungume juna a tsakiyar titi muna kuka, masu wucewa na kewaye mu.

Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya mai mutane kamar ƙauye, amma ba nan rayuwarta take ba. Rayuwarta na bakin titi, inda take da murhu uku da rumfa da benci biyu. Tun asuba koko da ƙosai, da hantsi wake da shinkafa, da azahar tuwo da miyar kuka. Masu abinci irinta sun kai goma a jere, har da masu tsire. Abin da ya fi ba ni mamaki masu ci. Kun san a nan magidanci ba zai tsaya a hanya ya sayi tuwo ba, sai a ce gidansa ya mutu. Can kuwa maza ne tuli, 'yan dako da leburori da makiyayan da sunka koro shanu, duk sun baro matansu a arewa. Mutum zai zo a guje, a zuba masa, ya ci a tsaye, ya wanke hannu ya koma aiki kafin ki gama gaishe shi. Kowanne kuma "Mma" yake ce mata, wato uwa. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda cikinsa ke ciwo.

Na isar da saƙon Inna a ranar. Ta daɗe tana juya tuwo, sannan ta ce, "Kin zo a kan gaɓa. Wataƙila ma ba sai kin roƙe ni ba."

Ga abin da ke faruwa. Hukumar gari ta fitar da doka cewa ba a hura wutar girki a bakin titi, ba a kuma zubar da ruwan wanke-wanke sai a kwata. An gina rumfuna can bayan tashar manyan motoci, an ce masu abinci su koma. Wurin yana da nisa, ba ɗan dakon da zai bar kayansa ya tafi can cin tuwo. Amma hukuma ta bar ƙofa ɗaya: in mutanen unguwa sun taru sun yarda da wani wurin da bai saɓa wa doka ba, za a duba. Unguwa kuwa ta rabu biyu. Masu gidajen kansu na son a tashi masu abincin, 'yan dako kuwa ba su so. Shugabansu Alhaji Sidi ne, dillalin shanu, wanda benensa ke fuskantar murhun Yaya. Kuma kar ku ce mugu ne. Bara tartsatsi ya tashi daga wurin mai tsire ya cinye masa rumfar ƙofar gida, ga uwargidansa na fama da tari, duk hayaƙin layin ɗakinta yake shiga. An sa taro ranar Lahadi a ƙofar sarkin zango.

Yaya ta ce, "In sun tashe mu ba ni zuwa bayan tasha in zauna ina korar ƙuda. Sai in bi ki."

Zan faɗa muku gaskiya, tunda na ce zan faɗa. Da na ji haka daɗi ya kama ni. A cikin raina na yi fatan a tashe su.

Ana jibi taro na ce bari in taya ta wanke tukwane. Na wanke tas, ruwan ya yi baƙi da toka da maiƙo. Na ɗauki kwaryar na watsa shi gaba, yadda kowaccenku ke yi a ƙofar gida, rairayi ya shanye. To can babu rairayi. Ruwan ya bi kwalta ya gangara, ya ƙetare titi kamar an aike shi, ya kwanta a bakin zauren Alhaji Sidi, daidai lokacin da yake fitowa masallaci da farar riga. Bai faɗi ba, amma takalminsa da bakin rigarsa sun sha. Ya dubi ruwan, ya dubi rumfarmu, ya aika a kira duba-gari, wanda su ke ce wa tankas. Mutumin ya zo da gajeren wando da littafi, ya bi sawun ruwan da ƙafa har gindin murhunmu, ya rubuta.

Da sunka watse Yaya ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Tani, Inna ta aiko ki ki kai ni gida, ko ta aiko ki ki kashe min murhu?"

Na rantse mata ban sani ba. Gaskiya ne kuma, ban sani ba. Amma na kasa kallon idonta, don na san abin da na yi ta fata. Kwana biyu muna kwana ɗaki ɗaya ba mai ce wa wata komai sai "miƙo ludayi".

Ranar Lahadi bayan la'asar anka taru. Ban taɓa ganin irin wannan zama ba. Sarkin zango na kan kujera, liman na gefensa, tankas na zaune da littafinsa da tafinta. Masu gidaje sun zauna a benci, 'yan dako a ƙasa da gammonsu, mata masu abinci a gefe ɗaya. Na jira sarki ya faɗi abin da ya yanke kowa ya ce to, yadda aka saba. Sai na ji ya ce duk mai magana ya miƙe, babba ko ƙarami, mace ko namiji, kuma ba a katse mutum.

Alhaji Sidi ya fara. Ya yi maganar gobara, ya yi maganar tarin matarsa, ya ce ɓeraye sun yi ƙiba a layin har kyanwa na tsoronsu. Sannan ya ce, "An ce za su gyara. Shekaranjiya, ana jibi wannan taro, daga rumfar Mma Gambo aka aiko min da ruwan tukunya har zaure. In wannan ne halinsu ana kallonsu, yaya za su yi in an ba su izini?" Tankas ya buɗe littafi ya gyaɗa kai. Na ga mutane da yawa su ma suna gyaɗawa.

Wani shugaban 'yan dako, dogon Bazabarme, ya miƙe ya ce su fa ba su da mata a garin nan, in an kai tuwo bayan tasha to a kai musu da cikinsu can. Anka yi dariya, amma dariyar ba ta goge maganar ruwa ba. Wani malamin makaranta ya ce yara na ƙetare titi a guje don sayen ƙosai, wata rana mota za ta ɗauki ɗaya. Shi ma gaskiya ya faɗa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai Kawu na jan zanena ta baya. Sarki ya ce, "Baƙuwa ce? Bar ta ta yi magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce na zubar da ruwan ga. Daga Arewa na zo, kwanana shida. Mu can ƙasarmu rairayi ne, in munka watsa ruwa ƙasa ta shanye, ba ya zuwa gidan kowa. Ban san taku ƙasa ba ta sha ba."

Wurin ya fashe da dariya, wasu na maimaita "munka, munka". Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma na ci gaba. Na ce, "Yayata ba ta gani ba, ta ba da baya. Shekarunta nawa a nan, ku kun fi ni sani ko ta taɓa yin haka. Ni an aiko ni ne in kai ta gida, uwarmu ta tsufa. In kun tashe ta ni ce na ci riba. Amma kar ku tashe ta a kan laifina." Na juya wajen Alhaji na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min rigarka."

Dariya ta tsaya. Alhaji ya ɗan kau da kai ya ce, "Tashi, 'yata. Riga an wanke."

Sai Yaya Gambo ta miƙe. Mu Arawa ba mu rasa mata masu faɗa a ji ba, amma na saba ganinsu a fagen bori, iska na magana da bakinsu. Wagga kuwa ita da kanta ce, ɗiyar Inna, wadda munka yi tallar fura tare, tsaye gaban sarki da liman da ma'aikacin hukuma, ta ɗaure zane a ƙugu, muryarta ba ta rawa.

Ta ce, "Alhaji bai yi ƙarya ba. Hayaƙi gaskiya ne, ku dubi idona. Gobara gaskiya ce, ni na fara kai bokiti. Malam ma bai yi ƙarya ba. Amma ina tambaya: doka ta hana wuta a bakin titi, ko ta hana tuwo?"

Tafinta ya juya wa tankas. Ya buɗe takarda ya duba, ya daɗe, sannan ya ce wuta ce da ruwa. Abinci dafaffe a rufe, a kan tebur, doka ba ta hana ba.

Ta ce, "To mu ɗauke wutar mu bar tuwon. Mu dafa a wani wuri mu kawo nan a rufe. Kowacce ta ajiye duro na ruwan wanki. Masu ƙosai su koma gefen makaranta, yara su daina ƙetarewa."

Wani daga benci ya ce, "A ina za ku dafa? A ɗakunan hayarmu, ku ƙone mu?"

Ta ce, "Akwai kango a bayan gidan Alhaji, inda yake ɗaure shanu in sun iso. Rabinsa ciyawa ce. Iska daga nan gaba take kaɗawa, hayaƙi ba zai ga ɗakin Hajiya ba." Ta juya ta fuskance shi. "Alhaji, makiyayan da ke koro maka shanu wata biyu a ƙafa, in sun iso wa ke ba su tuwo? Ka ara mana gefen kangon."

Na ce a raina yau mun ga ta kanmu, ta nemi filin mutumin da ya zo korarta. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Na zo in raba ki da ƙofar gidana, kin zagaya kin kama bayan gidan." Ya yi 'yar dariya. "Ni dai ban sauya ba, na fi son a koma tasha. Amma in jama'a sun zaɓi naki, ba zan hana kango ba. Da sharaɗi a yi katanga tsakaninku da shanu."

Sarki ya ce to a ɗaga hannu. Ni baƙuwa ce, ba ni da hannu a ciki, na zauna ina kallo. Masu son tasha sunka ɗaga, Alhaji na gaba, liman ya bi yana ƙirgawa. Sannan masu son kango. Na ga hannun ɗan dako mai kanta, na ga hannun mai tsire, na ga na malamin makaranta, na ga har na wasu masu gidaje. Hannun mai bene ɗaya, hannun mai gammo ɗaya, haka liman ya ƙirga su. Na kango sunka fi yawa. Tankas ya rubuta, ya ce zai kai gaba. Abin da ya ƙarasa ɗaure min kai, Alhaji bai tashi da fushi ba. Ya gaisa da sarki, ya tsaya yana nuna wa shugaban 'yan dako inda katanga za ta bi.

A hanyar komawa, sai da munka kai ƙofar gida Yaya ta kama hannuna ta matse. Na ce, "Yaya, na yi fatan a tashe ku." Ta ce, "Na sani. Ni ma wani sashe na zuciyata ya yi."

Na ƙara sati uku. Da ni anka ɗebi laka, 'yan dako sunka ɗauko duwatsun murhu a ka ba su karɓi komai ba. Amsar hukuma ta zo, an yarda. Ranar da anka fara hura wuta a kango Hajiyar Alhaji ta aiko da kwano a zuba mata, ta ce tana son ta ɗanɗana abin da ya shekara yana sa ta tari.

Yaya ba ta biyo ni ba. Matan layin sun ɗora ta a kan tsarin kangon, ta ce in ta tafi yanzu abin zai watse. Ta ce in gaya wa Inna tana zuwa in komai ya zauna. Ta raka ni tasha, ta tsaya har mota ta juya kwana. Duk tsawon hanyar dawowa, da kurmi da kogi da iyaka, ban ga komai ba, ina ta shirya yadda zan shiga ɗakin Inna ni kaɗai.

Na same ta zaune a bakin ƙofa. Ta ji takun ƙafa, ta saurara, ta ce, "Mutum ɗaya." Na zauna gabanta na ba ta labari duka, har da ruwan, har da fatan da na yi. Ba ta katse ni ba. Da na kai inda Yaya ta nemi kango, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "A gaban liman?" Na ce a gaban liman. Sai ta ce a kira mata Kawu Arzika.

Da ya zo ta ce, "In za ka sauka bayan kaka mai zuwa, ka tanadar min wuri a saman buhu."

Kawu ya ce, "Haba Yaya, hanyar nan ta fi ƙarfinki. Kwana goma ce, ga rami, ga ruwa, ga ido ba ya gani."

Ta ce, "Arzika, ni na goye ka daga nan har Tibiri a ƙafa, kana kuka kana yi min fitsari a baya. Kai dai nemo wurin."